Wa zai yaɓe soron? Abin da zaman haya ya koya mini a Ajekoriya

A Ajekoriya ɗan gari ba ya haya. Wanda aka haifa a can, in aure ya zo, a gidan ubansa ake yanka masa wuri, ya buga tubali da rani, 'yan uwa su taya shi ɗora azara. Masu haya baƙi ne: malaman lakkol, ma'aikatan likita, malamin gona ko na dabbobi, ma'aikacin ƙungiyar agaji da aka turo na ɗan lokaci, sai ɗan kasuwa mai neman inda zai jibge wake da gero bayan kaka. Tun da aka kafa ƙananan hukumomi a 2002, aka yi zaɓensu na farko a 2004, garuruwan ƙasar Dakoro irin su Ajekoriya da Kornaka da Ɗan Gulbi da Birnin Lalle suka ƙara samun ma'aikata, gidajen gwamnati kuwa ba su ishe su ba. Cikin wannan ayari na je, ina malamin kwantiragi, kuma a ɗakin haya na yi zamana har aka canja mini wurin aiki.

Wanda ya saba da labarin haya na Yamai ko Maraɗi zai ɗauka ko'ina haka abin yake: mai gida attajiri, ɗan haya abin tausayi. A ƙauye ba haka na tarar ba. Mai ɗakina manomi ne, dattijo, ya gina shigifa biyu a bakin gidansa da kuɗin da ɗansa ya aiko daga ci-rani. Jikka uku da nake ba shi a wata su ne kuɗin gishiri da sabulu da maganin jikoki. Ni da ake kira ɗan haya ni ne mai albashi, ko da yake albashin namu na 'yan kwantiragi ya kan yi wata biyu ko uku yana kan hanya. Saboda haka duk wanda zai yi maganar haƙƙi a irin wannan wuri, ya san talakawa biyu ne suka haɗu, kowannensu kuma yana iya cutar ɗan uwansa ba tare da ya yi niyya ba.

Ciniki kan fara ne da kalamai masu daɗi. "Mushe, ɗaki naka ne. Abin da ya sawwaƙa ka bayar." Haka dattijon ya ce mini, kuma har zuciyarsa yake nufi. Sai dai daraktanmu, wanda ya yi shekara da shekaru yana yawon ƙauyukan Dakoro da Mayahi, ya riga ya ja mini kunne tun kafin in sauke jakata. Ya ce duk rigimar haya da ya taɓa rabawa daga "abin da ya sawwaƙa" ta samo asali, don abin da ya sawwaƙa a wurin mai bayarwa daban, a wurin mai karɓa daban. Ya sa muka zauna a zaure, shi da limamin unguwa suna shaida, aka faɗi kuɗi da baki, aka faɗi ranar biya. Sannan ya ciro ƙaramin littafin rubutu irin na 'yan aji ɗaya, ya ja layi uku: wata, kuɗi, hannu. Dattijon bai ji daɗi ba. "Mi ya kawo takarda tsakanina da ɗana?" Daraktan ya ce, "Baba, ba don kai ba ne, don ranar da ba ka nan ne." Aka yi dariya, aka shafa Fatiha. Duk ƙarshen wata in kai kuɗi, in shafa masa tawadar biro a babban yatsa, ya dangwala.

Nijar tana da dokar haya, ko da yake a Ajekoriya ban taɓa jin wanda ya ambace ta ba. Akwai doka mai lamba 96-016 ta 18 ga Afrilu 1996, wadda aka kafa zamanin Ibrahim Ba'are Mainasara musamman don hayar gidaje. Ƙarƙashinta kuma akwai tsohon kundin da muka gada daga Faransa, wanda lauyoyi ke ce wa Kod Sibil, asalinsa tun 1804. Wani abokina da ya karanta shari'a a Jami'ar Abdu Mumuni ya ara mini nasa a wani hutu, na karanta babin haya ina tsammanin zan tarar da zancen benaye da lantarki. Sai na tarar da zancen rijiya da masai da ƙyaure da makulli. An rubuta shi ne lokacin da yawancin Faransawa ma mutanen karkara ne, shi ya sa ya fi dacewa da Ajekoriya fiye da yadda mutum zai zata.

Sashe na 1719 na Kod Sibil ya ɗora wa mai gida abu uku, ko an rubuta ko ba a rubuta ba: ya miƙa wurin, ya riƙa kula da shi yadda zai zaunu, ya kuma bar ɗan haya ya zauna lafiya ba tsangwama. Sashe na 1728 ya ɗora wa ɗan haya biyu: ya riƙe wurin kamar yadda magidanci mai hankali zai riƙe nasa, ya biya a kan lokaci. Duk sauran bayanin reshe ne na waɗannan biyar ɗin.

Na biyun nan, wato kula da gini, shi ne ke tada ƙura, don ɗakin ƙasa ba ya yafe sakaci. Soro yana son a hau shi kowace shekara kafin ruwan farko, a cike tsaga, a sake yaɓe, a buɗe indararo, a duba azarar da gara ta ci. In aka bari har Agusta, ruwa ya kwanta a kai, sai ka ji ɗis, ɗis a kan tabarma da tsakar dare, ka tashi kana jan katifa da buhun littattafai daga wannan kusurwa zuwa waccan, kana haska rufi da tocila kana kallon yadda danshi ke yaɗuwa. Doka ta raba aikin a fili. Rufi da bango da azara na mai gida ne. Ƙananan abubuwan da hannun mai zama ke lalatawa, kamar kwado da sakata da marfin taga, na ɗan haya ne. Sashe na 1755 ya ƙara da cewa ko waɗannan ƙananan ma, in tsufa ne ya cinye su ko wata annoba da ta fi ƙarfin mutum, ba a bin ɗan haya. Na 1756 kuwa ya ce yashe rijiya da kwashe masai a wuyan mai gida suke, sai in an yi sharaɗin akasin haka.

Faɗin wannan a takarda ba wuya. Wuyar ita ce lokacin yaɓe ya faɗo daidai lokacin da manomi ba shi da ko dala. A watan Mayu da Yuni rumbu ya yi ƙasa, hankali yana kan iri da shuka, ga azumi ko salla in sun zo kusa. Ka je wa dattijo da sashe na 1719 a wannan lokaci, ka ci zalinsa ko da gaskiyarka. Abin da muka yi, kuma na ga yana aiki a wurin wasu, shi ne in biya magini da masu kwaɓa ƙasa daga aljihuna, a cire daga kuɗin haya kaɗan-kaɗan. Amma kafin a zuba ruwa a ƙasa sai mun zauna mun yi lissafi tare, an shigar a littafin nan, ya dangwala. Wani abokin aikinmu ya ƙetare wannan mataki. Ya ga daɓen ɗakinsa ya farfashe, ya sayo siminti daga Dakoro, ya sa aka malala, sannan ya riƙe kuɗin wata huɗu ya ce ya fanshe. Mai ɗakin ya ce, "Na sa ka?" Kuma bai sa shi ba. Simintin ya yi kyau, amma doka ba ta ba ɗan haya ikon ya yanke wa kansa hukunci ya riƙe kuɗi ba, al'ada ma ba ta ba shi ba. Sun rabu ba sa gaisawa, simintin kuma ya zauna wa mai ɗaki.

Daminar 2024 ta nuna cewa zancen rufi ya wuce zancen jin daɗi. Ruwan shekarar ya kashe ɗaruruwan mutane a Nijar, jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki, kuma da yawa gini ne ya faɗa musu. Tsohon masallacin Birni na Damagaram ma ya rushe a watan Satumba, aka ɗage komawa makaranta daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata. Mai gidan da ya san bangonsa ya tsage ya sa mutum a ciki yana karɓar kuɗi, ba kuɗi kawai ya ci ba. Ɗan hayan da ya ga tsagar ya yi shiru, yana jin nauyin faɗa, shi ma bai kyauta wa kowa ba, don sanar da mai gida da wuri yana cikin riƙon amana.

Akwai wata matsala da ta keɓanta da mu malamai. Lakkol tana rufewa ƙarshen Yuni, ba a dawowa sai Oktoba, kowa ya tafi garinsu noma ko hutu. Wata ukun nan fa, a biya ko kada a biya? Malami zai ce ban kwana a ciki ba. Mai ɗaki zai ce kayanka na ciki, kwadonka na ƙofa, ban iya ba wani. A nan gaskiya tana wurin mai ɗaki: muddin makulli na hannunka, haya tana tafiya. Amma takobin kaifi biyu gare shi. In ana biya, to ɗakin na ɗan haya ne har a bayan idonsa. Na san malamar da ta dawo hutu ta tarar an ɓalle kwado, an tura gadonta gefe, an jera buhunan wake har rufi, ɓeraye sun yi biki a cikin akwatinta. Matar mai gidan ta ce, "Ai ɗiyata, mun ga ba kowa ciki." Ba mugunta ba ce, haka suka ɗauki abin: ɗakinsu ne, sun ara mata. A idon doka kuwa, daga ranar da aka karɓi kuɗi wurin ya zama mazaunin wani, mai shi ma sai ya yi sallama an amsa, kuma kutsawa gidan mutum ba izini laifi ne a dokar hukunta laifuka. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a yanke maganar hutu tun ranar shiga: ko a biya duka ɗaki ya zauna a kulle, ko a biya rabi a bar wa wani amintacce makulli ya riƙa duba yoyo, ko a kwashe kaya a mayar da makulli.

Ranar da daraktan ya yi wa dattijo zancenta ta zo a wata shekara da sanyi. Allah ya yi masa rasuwa bayan gajeriyar jinya. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, aka zo rabon gado, shigifar da nake ciki ta faɗa rabon ɗansa da ya dawo daga ci-rani da niyyar aure. Ya same ni da yamma, ya gaishe ni da ladabi, ya ce yana son ɗakin kafin Juma'a ta sama. Ya ƙara da cewa ya ji a gida ana cewa tun kaka ban biya ba. Ban ga laifinsa sosai ba. Bai san abin da ke tsakanina da mahaifinsa ba, kuma tsohon ba ya gaya wa kowa abin da ya shiga aljihunsa.

Muka je gaban mai gari. Na miƙa littafin, aka bi layi-layi, ga wata, ga kuɗi, ga yatsa. Liman ya ce a gabansa aka fara. Zancen bashi ya mutu nan take. Da babu littafin, da na sha wuya, don sashe na 1716 ya ce in aka yi gardama kan kuɗin hayar da aka ƙulla da baki, babu kuma takardar shaidar biya, maganar mai gida ake ɗauka in ya rantse, sai fa in ɗan haya ya nemi a kawo masana su kimanta. Ga biya kuma, wanda ya ce ya biya shi ake tambaya hujja.

Saura zancen fita. A nan liman ya ba ni mamaki. Ya ce a Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an bayyana cewa mutuwar mai zama a gida ba ta warware haya, rushewar gidan ce ke warware ta, kuma malaman Malikiyya haka suka tafi a kan mutuwar mai gidan ma. Sashe na 1742 na Kod Sibil abin da ya ce ke nan: ko mai gida ya mutu ko ɗan haya, yarjejeniya tana nan, magada su gaje ta yadda take. Littafin Ƙairawan da na Faris suka haɗu a zauren mai gari a kan magana ɗaya. Tun da ni da marigayi mun yi a kan shekarar karatu ne, aka yanke in zauna har ƙarshen Yuni, kuɗin haya ya koma hannun magajin, shi kuma ya ɗaga bikinsa ko ya nemi wani ɗaki na ɗan lokaci. Ya ɗaga. Na ci tuwon bikin.

Ba kowane rikici ke ƙarewa haka ba. Na ga inda mai gida ya gaji da jiran kuɗi ya cire ƙyauren ɗaki ya tafi da shi, na ga inda aka ƙara kwado a kan kwado mutum yana aji. Duk wannan doka ba ta yarda da shi ba, komai yawan bashin. Alƙali ne kaɗai ke ba da umarnin fitar da mutum, ma'aikacin kotu da ake kira wisiye shi ke zartarwa, kuma kafin nan sai an ba da wa'adi. Amma mu faɗi gaskiya: akwai kotu a Dakoro, babba kuma a Maraɗi, sai dai ba wanda zai hau kabu-kabu ya je ya dawo, ya sake komawa, a kan jikka tara. Kuɗin hanya sun cinye abin da ake nema. Kotun mutanen Ajekoriya ta yau da kullum ita ce zauren mai gari, in ta faskara a wuce wurin sarki. Hukuma ma ta san da haka, don dokar sarakunan gargajiya ta 2015 ta ba su ikon sasanta mutane a rigingimun al'ada da na mu'amala da na ciniki, a rubuta abin da aka sasanta a kai. Mai gari kuwa da abin da aka kawo gabansa yake aiki. Wanda ya zo da shaidu da littafi ya sauƙaƙa masa. Wanda ya zo da "wallahi na biya" ya bar shi da duba fuska, fuskar ɗan gari kuma ta fi ta baƙo sabo a idonsa.

Dole in faɗi namu laifin, mu ma'aikata. Akwai waɗanda takardar canjin wurin aiki ke zuwar musu su ɗaure kaya da asuba, su bar bashin wata biyar da ɗaki kaca-kaca, bango duk ƙusa, masai a cike. Mai ɗakin ba shi da lambar wayarsu, ba ya ma san garinsu. Wanda ya zo bayansu shi ke biyan wannan bashi ta wata hanya: a ce sai ya ba da kuɗin wata uku kafin ya shiga, ko a ce ɗakin ba na haya ba ne alhali yana kulle. Jinkirin albashi uzuri ne na gaske, kuma ban taɓa ganin mai ɗakin da aka je aka gaya masa da baki ya ƙi haƙuri ba. Abin da ba sa yafewa shi ne a riƙa canja hanya don kada a haɗu da su. Ya kamata kuma mai shiga ya san sashe na 1731: in ba a rubuta halin da ɗaki yake ciki ranar shiga ba, ana ɗauka lafiya lau ka karɓe shi, haka kuma za ka mayar. Yanzu da kusan kowane malami ke da waya mai hoto, ɗaukar bango da rufi da ƙofa a gaban mai ɗaki bai fi minti biyu ba.

Masu shago nasu daban ne, kuma sun fi mu gata. Hayar wurin sana'a tana ƙarƙashin dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar ke cikin ƙasashenta, aka kuma sabunta ta a Lome a watan Disamba na 2010. Wanda ya shekara biyu yana sana'a a wuri bisa sharaɗi ya samu haƙƙin a sabunta masa. In hayar ba ta da ranar ƙarewa, mai son rabuwa sai ya ba da wa'adin wata shida. In kuma mai wurin ya ƙi sabuntawa ba da dalilin da doka ta yarda da shi ba, akwai diyya. Tela ko mai cajin waya da aka ce ya kwashe kafin kasuwa ta sake ci, ya san wannan.

Masu cewa takarda baƙuwa ce a ƙauye ban yarda da su ba. Tun da aka kafa dokar karkara a 1993, aka zo da kwamitocin filaye da ake kira Kofo har a matakin gari, manoma sun saba da rubuta sayar da gona da jingina da aro da haya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Abin da ya rage shi ne kunya, wato ganin cewa neman rubutu tamkar tuhuma ne. Kunyar nan kuwa baƙo ba ya iya kawar da ita shi kaɗai, don in shi ya fara ciro biro, sai a ce mushe ya zo da wayon birni. Babba ne ke iya yi, kamar yadda daraktanmu ya yi mini.

Takardar ba ta bukatar Faransanci ko hatimi. Rabin shafi ya isa, da boko ko da ajami: sunan mutum biyun, wane ɗaki, nawa a wata, yaushe ake biya, daga yaushe zuwa yaushe, yadda za a yi da watannin hutu, wa zai yaɓe soro kuma a wane wata, wa zai kwashe masai, kwana nawa za a ba juna in za a rabu, nawa aka ajiye kuma yaushe za a mayar. Shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe tasa, ta uku ta zauna wurin mai gari.

Kirana ga daraktocin makarantu da shugabannin likita da masu gari na ƙasar Dakoro ne. A watan Oktoba, in sababbin ma'aikata sun sauka da katifa a bayan babur, kada a tsaya ga nuna musu ɗaki. A zaunar da su da masu ɗakin a zaure, a faɗi kuɗi a bainar shaidu, a rubuta, a ba kowa littafinsa, kafin a kwance kaya.